"Maƙiyin Mata": Tarihin Kalmar da Yadda Aka Ɗora Ta a Kan Masu Ruwayar Hadisi

A shekarar 1987 Fatima Mernissi, masaniyar halayyar zamantakewa 'yar ƙasar Maroko, ta fitar da littafi da harshen Faransanci mai suna Le harem politique. An fassara shi zuwa Ingilishi a 1991, akwai kuma fassararsa ta Larabci. A fassarar Ingilishin akwai babi biyu masu take ɗaya, wanda in aka juya shi zuwa Hausa kai tsaye zai zama "al'adar ƙin mata". Taken yana da baki biyu, domin kalmar da ke nufin "al'ada" a wurin ita ce kuma Turawa masu nazarin Musulunci suke kiran hadisi da ita. Babi na farko ya tsaya a kan Abu Bakrata, na biyu a kan Abu Huraira, Allah Ya yarda da su. Kalmar da aka gina babukan a kanta ita ce misogyny, mai ɗabi'ar kuma misogynist, kuma da wuya a yau ɗalibin ilimin addini ya karanta wata muhawara kan mata da hadisi a harsunan Turai bai ci karo da ita ba. In an zo Hausa akan ce "ƙin mata" da "maƙiyin mata". Ta fuskar lugga fassarar ba ta yi kuskure ba. Sai dai rabin kayan kalmar kawai ta ɗauko, kuma rabin da ta baro shi ne ake rigima a kansa.

Asalin kalmar Girkanci ne: misos, ƙiyayya, da gune, mace. Minanda, marubucin wasannin barkwanci na Atina a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, yana da wasa mai wannan suna, wanda gutsattsarinsa kaɗai suka saura. Masu falsafar Ruwaƙiyya sun lissafta ƙin mata cikin cututtukan rai. Sisero na Rum, a littafin muhawarorin da ya rubuta a shekara ta 45 kafin haihuwar Annabi Isa, ya jera shi tare da ƙin mutane baki ɗaya da ƙin baƙi, ya ce tushen irin waɗannan cututtuka tsoron abin da ake gudu ne. Abin lura a nan shi ne, a wurin waɗannan magabata maƙiyin mata mutum ne da ya fita daban, mara lafiya, abin dariya a dandalin wasa. Al'ummar da ke yi masa dariyar kuwa ita ce ta Atina da ta hana mata duk wani hannu a sha'anin mulki, kuma ba wanda ya kira wannan hani da sunan ƙiyayya. Kalmar tana auna zuciyar mutum ɗaya ne, ba ruwanta da dokar gari.

Haka ta shiga Ingilishi. A 1615 wani mai koyar da wasan takobi, Joseph Swetnam, ya buga ɗan littafi na zagin mata, ya kuma samu kasuwa har aka yi ta sake buga shi. Rachel Speght, wata budurwa da ba ta kai shekara 20 ba, ta mayar masa da martani a rubuce a 1617. A 1620 aka buga wani wasan kwaikwayo wanda ba a san marubucinsa ba, inda aka sa Swetnam ya gudu zuwa tsibirin Sisili ya sauya suna zuwa Misogynos, mata suka gurfanar da shi suka sa masa takunkumi. Har zuwa ƙarni na 20 wannan ma'ana ce ke tafiya, a Turai da wajenta. A Masar an laƙaba wa marubuci Taufiƙ al-Hakim, wanda ya rasu a 1987, sunan aduwwul mar'a, abokin gaban mace, saboda shaguɓen da yake yi wa mata a rubuce-rubucensa, laƙabin kuma ya bi shi har bayan da ya yi aure. Shi ma mutum ɗaya ne da wata ɗabi'a da aka san shi da ita.

Sauyin ya fara ne da rubuce-rubucen masu fafutukar mata a Amurka, irin littafin Andrea Dworkin na 1974, inda aka ɗauke kalmar daga kan mutum aka ɗora ta a kan al'ada da adabi da doka. Ranar 9 ga Oktoba, 2012, Firaministar Ostireliya Julia Gillard ta jefi jagoran 'yan adawa Tony Abbott da ita a zauren majalisa. Masu kare shi suka nuna matarsa da 'ya'yansa mata uku, suka ce mai irin wannan gida ba ya ƙin mata. Cikin kwanaki kaɗan masu ƙamusun Macquarie suka sanar cewa za su faɗaɗa bayanin kalmar ya haɗa da son zuciya mai tushe da ake nuna wa mata, ko da babu ƙiyayya a rai. A 2017 Kate Manne ta kai maganar ƙarshenta a littafinta Down Girl: a wurinta kalmar ba ta buƙatar a san abin da ke zuciyar kowa, sunan matakan ladabtarwa ne da al'umma ke ɗauka a kan macen da ta fita daga gurbin da aka yanka mata. Ke nan kalma ɗaya ta zama tana da ma'ana biyu, tsohuwa mai duba zuciya da sabuwa mai duba aiki da tsari, alhali kaifin zargin da ke cikinta na tsohuwar ne.

"Maƙiyi" a Hausa ba ƙaramar kalma ba ce. Ita ake haɗawa da mahassadi wajen neman tsari, ita ake kiran wanda ke fatan ganin bayan mutum da ita. Bahaushen da ya ji an ce wa wane maƙiyin mata zai duba ya ga mutumin yana da mata, yana aurar da 'ya'yansa da hidima, yana durƙusa wa mahaifiyarsa, sai ya yanke cewa ƙazafi aka yi masa. Amsar magoya bayan Abbott ke nan, kuma amsa ce da ta dace da tsohuwar ma'ana. Sabuwar ma'anar kuwa Hausa tana da kalmominta daban: raina mata, danne su, tauye musu haƙƙi. Mutum na iya ƙaunar 'yarsa har ransa, ya kuma hana ta rabonta na gona ranar rabon gado. Ba maƙiyinta ba ne, azzaluminta ne.

Larabcin nassi ma ya rarrabe abin da kalmar Turawan ta cakuɗa. Akwai firk, wadda malaman lugga suka ce ƙiyayya ce ta tsakanin ma'aurata musamman; Ibn Manzur ya kawo a Lisanul Arab cewa namijin da mata ba sa so ana ce masa mufarrak, an kuma siffanta Imru'ul Ƙaisi da haka. Da wannan kalma hadisin da ke Sahihu Muslim ya zo, wanda ke magana kan kada mumini ya tsani mumina, domin in wata ɗabi'arta ta ɓata masa wata za ta gamsar da shi. Alƙali Iyad ya fahimci lafazin a matsayin labari, wato cikakkiyar ƙiyayya ba ta aukuwa daga mumini. Imam Nawawi ya saɓa masa, ya ce hani ne, hujjarsa kuma ita ce ana ganin mazan da ke tsanar matansu tsana mai tsanani, da labari ne da ba a ga saɓaninsa ba. Wannan saɓani na malamai biyu yana da amfani a nan fiye da yadda ake zato. Matsayin Nawawi ya ginu ne a kan yarda cewa cutar tana samuwa a cikin Musulmi, ba a wajensu kaɗai ba. Wanda ya ruwaito wannan hadisi kuwa Abu Huraira ne, wanda babi na biyu na Mernissi ya gurfanar.

Alƙur'ani ya siffanta ƙin mace don kasancewarta mace a ayoyi na 58 da 59 na Suratun Nahli, inda ya zana mutumin da fuskarsa ke baƙi in an yi masa albishir da 'ya mace, yana ɓuya daga mutane, ya kuma hukunta wannan tunani da cewa mummuna ne. Ban da wannan, mafi yawan abin da shari'a ta sa wa suna ayyuka ne. Akwai wa'adu, binne 'ya mace da rai. Akwai adlu, hana mace auren wanda take so ko ƙuntata mata don ta fanshi kanta, a aya ta 232 ta Baƙara da ta 19 ta Nisa'i. Akwai riƙe mace don cutarwa a aya ta 231 ta Baƙara, da barinta a rataye, ba aure ba saki, a aya ta 129 ta Nisa'i, da ila'i wanda aka yanka wa wata 4, da zihari, da nushuzu na miji a aya ta 128 ta Nisa'i, wanda ba a cika jin sa a wa'azi ba kamar yadda ake jin na mace. Aya ta 19 ta Nisa'i ma ta yarda cewa miji na iya jin ƙin matarsa a rai, ba ta hukunta shi kan jin ba, ta dai ɗora masa kyautata zama. Kowane ɗaya daga waɗannan sunaye yana da iyaka, ana iya kafa masa shaida, alƙali na iya yin hukunci a kansa. Wannan shi ne abin da kalmar misogyny ba ta da shi.

Da wannan ma'auni ya kamata a karanta babin Abu Bakrata. Hadisin da ake magana a kansa yana cikin Bukhari, a Littafin Yaƙoƙi da Littafin Fitinu: da labari ya zo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa Farisawa sun naɗa 'yar Kisra sarauta, ya yi maganar da ke kore rabauta ga mutanen da suka jiɓinta al'amarinsu ga mace. Abu Bakrata ya ce wannan magana ce ta amfane shi a kwanakin Yaƙin Raƙumi a shekara ta 36 bayan hijira, ta hana shi shiga rundunar da Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, take ciki. Mernissi ta kawo suka iri biyu. Na farko, tuna magana bayan shekara 25 da wafatin Annabi, daidai lokacin da take da amfanin siyasa, abin tuhuma ne. Na biyu, Halifa Umar ya yi wa Abu Bakrata bulalar ƙazafi a shari'ar Mugira ɗan Shu'uba, don haka bisa sharuɗɗan Imam Malik bai cancanci a karɓi ruwayarsa ba.

Suka na biyu shi ne mai nauyi, kuma ta cancanci yabo da ta shigo ta ƙofar ilimin maruwaita maimakon ta tsaya daga waje tana jifa. Amma malaman usulu sun riga sun tattauna wannan mas'ala da sunan Abu Bakrata kansa. Ibn Ƙudama a Raudatun Nazir ya rarrabe tsakanin wanda ya jefi mutum da zina don zagi da wanda ya zo gaban alƙali a matsayin shaida adadin shaidu bai cika huɗu ba; rashin cikar adadi ba aikinsa ba ne, shi ya sa aka karɓi ruwayarsa. Mai bincike na da damar ƙin gamsuwa da wannan rarrabewa, amma ba shi da damar wuce ta kamar ba a taɓa yin ta ba. Suka na farko kuma ya ci karo da wani hadisin na Abu Bakrata a Bukhari: Ahnaf ɗan Ƙaisi ya fito zai taimaki Sayyidina Aliyu, Abu Bakrata ya tare shi ya ce ya koma, ya kawo masa gargaɗin Annabi kan Musulmi biyu da suka fuskanci juna da takubba. Mutumin da ya hana a taimaki ɓangaren da babu mace a cikinsa, ɓangaren da ya yi nasara, ba a iya cewa neman shiga wurin mai nasara ko ƙin mace ne ya zaunar da shi. Ya ƙi fitinar ne ta kowane ɓangare. A nan ne kalmar ta yi wa marubuciyar illa: ta sa ta neman cuta a zuciyar mutumin da ba ta da hanyar shiga zuciyarsa, alhali tambayar da ta fi ƙarfi tana gabanta, wato iyakar abin da hadisin ke nufi. A kan wannan malamai sun daɗe da saɓawa. An ruwaito daga Ɗabari halaccin alƙalancin mace ba tare da iyaka ba, Abu Hanifa ya halatta shi a abin da ba haddi da ƙisasi ba, Ibn Hazm kuma ya taƙaita hadisin ga halifanci.

Babin Abu Huraira ya fi rauni ta wannan fuska, ya kuma fi amfani ta wata. Rauninsa shi ne ƙoƙarin bayyana ruwayoyin sahabin ta hanyar nazarin halinsa da matsayinsa a Madina. Hadisin abubuwa uku da ke yanke salla in sun gitta, wanda ya ambaci mace, Muslim ya kawo shi daga Abu Zarri ma. Hadisin shu'umci a gida da mace da doki yana cikin Bukhari daga Ibn Umar. In an ce ƙin mata ne ya haifar da su a zuciyar mutum ɗaya, sai a rasa yadda za a yi da sauran hanyoyin. Amfanin babin kuwa shi ne ya jawo hankali ga littafin Badruddin Zarkashi, wanda ya rasu a 794 bayan hijira, Al-Ijaba, inda ya tattara gyare-gyaren da Nana A'isha ta yi wa sahabbai. Ta yi fushi da jera mata tare da karnuka da jakuna, ta kafa hujja da cewa Annabi yakan yi salla tana kwance a gabansa. Game da shu'umci, an ruwaito a Musnadu Ahmad cewa ta ce Annabi yana ba da labarin abin da mutanen jahiliyya ke faɗa ne. Malik da Shafi'i da Abu Hanifa sun tafi a kan cewa gittawar mace ba ta ɓata salla. Uwar Muminai ta yi suka mai zafi, amma sukanta a kan ji da fahimta da cikar magana yake, kuma ta yi nasara a fiƙihun mafi yawan al'umma ba tare da ta kira kowa maƙiyin jinsinta ba.

Wannan bai wanke masu raddi ba. Yawancin martanin da ake mayarwa ga irin littafin Mernissi yana rushe tsohuwar ma'anar ne ya tsaya: a ce Musulunci ya hana binne 'ya'ya mata, ya ba mace gado, ya fifita uwa sau uku a kan uba wajen kyautatawa. Duk gaskiya ne, amma amsar tambayar da ba a yi ba ce. Abin da mai sabuwar ma'ana ke nunawa shi ne yarinyar da aka cire daga karatu, da matar da aka kora daga ɗakinta ranar saki alhali aya ta farko ta Suratuɗ Ɗalaƙi ta hana fitar da ita, da wadda miji ya ɗora wa laifin haihuwar 'ya'ya mata. Yana nuna maganganun da ake yaɗawa da sunan addini. Zancen a shawarci mata sannan a saɓa musu, Sakhawi ya bayyana a Al-Maƙasidul Hasana cewa bai samo masa asali da wannan lafazi ba, ga kuma shawarar Ummu Salama da Annabi ya ɗauka a Hudaibiyya. Zancen hana koya wa mata rubutu Ibnul Jauzi ya sa shi cikin ƙirƙirarrun hadisai, ga kuma ruwayar Abu Dawuda cewa Shifa'u 'yar Abdullahi ta koya wa Nana Hafsa rubutu. Akan haɗa aya ta 28 ta Suratu Yusuf da ta 76 ta Nisa'i a fitar da cewa kaidin mata ya fi na Shaiɗan, a manta cewa maganar farko Azizu na Masar ne ya faɗe ta ga matarsa a kan wani laifi ayyananne, ta biyun kuma ana gwada kaidin Shaiɗan ne da taimakon Allah ga muminai. Daga irin wannan haɗi ne "mata dangin Shaiɗan" ta samu gindin zama a bakin mutanen da in an ce musu maƙiyan mata za su rantse, kuma rantsuwarsu gaskiya ce.

Magabata ba su jira sun tabbatar da ƙiyayya kafin su tsawata ba. Muslim ya ruwaito cewa Abdullahi ɗan Umar ya faɗi hanin Annabi kan hana mata zuwa masallaci, ɗansa Bilal ya rantse sai sun hana su, uban ya yi masa faɗan da mai ruwayar ya ce bai taɓa jin ya yi irinsa ba. Dalilin Bilal kishi ne da tsoron ɓarna, bai hana a tsawata masa ba. A ƙasar Hausa, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Nurul Albab ya soki malaman zamaninsa da ke koyar da almajirai safe da yamma suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilcin hukunce-hukuncen tsarki da salla, ya kwatanta yadda suke ɗaukarsu da kayan aikin gida da ake mora har su lalace a yar. Ya danganta koyar da almajiran da neman suna, ya kuma gargaɗi mata game da masu yi musu wa'azin biyayyar miji ba tare da biyayyar Allah da Manzonsa ba. Wannan suka ne na tsari, irin wanda sabuwar ma'anar ke nufi, an yi shi kusan ƙarni biyu kafin littafin Dworkin, ya ambaci aikin da masu yin sa da hukuncinsa. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta mayar da shi aiki ta hanyar 'Yan Taru da jajinsu masu kai karatu ƙauyuka.

Mai fassara da ya zo kan taken babukan Mernissi yana da zaɓi mai wuya. In ya rubuta "ƙin mata" ya bi asalin Girkanci, ya kuma isar da zargin da ta yi wa sahabbai biyu yadda ta yi shi, zargin da hujjojinta ba su ɗauke shi ba. In ya rubuta "raina mata" ko "danne mata" ya bi abin da sauran littafin ke nufi, amma ya sassauta mata magana fiye da yadda ta faɗe ta. Amana ta fi karkata ga na farkon a babukan biyu, da na biyun a inda take magana kan al'ada da tsarin gari, tare da bayyana wa mai karatu cewa kalma ɗaya ce a asali. Ɗalibin da aka ba "ƙin mata" daga farkon littafi zuwa ƙarshensa zai rufe shi a kan sunan Abu Bakrata, bai kai shafukan da aka yi maganar Zarkashi ba.